Lasifika Daban, Rawani Daban: Hukuncina Kan Rikicin Notre Dame

Ranar Lahadi 17 ga Mayun 2009, Jami'ar Notre Dame da ke jihar Indiana ta Amurka ta ba Shugaba Barack Obama digirin girmamawa na dakta a fannin shari'a, sannan ta miƙa masa lasifika ya yi jawabin yaye ɗalibai. A cikin zauren taro dubban mutane ne ke tafi. A bakin ƙofar jami'ar kuwa 'yan sanda sun yi kwanaki suna kwashe masu zanga-zanga, cikinsu har da Norma McCorvey, matar da shari'arta ce ta sa Kotun Ƙolin Amurka ta halatta zubar da ciki a 1973, wadda daga baya ta juya ta koma sahun masu yaƙi da shi. Bishop ɗin yankin, John D'Arcy, wanda ya kamata a ce yana zaune a sahun gaba, ya ƙi halarta.

Shekaru sun shuɗe, Obama ya bar mulki, shugaban jami'ar na lokacin ma ya sauka, amma tambayar ba ta tsufa ba. Shin ya dace makarantar da aka gina kan aƙida ta karrama ɗan siyasar da ke goyon bayan abin da aƙidar ta kira babban zunubi? Ni dai ga inda na tsaya. Jami'ar ta yi daidai da ta gayyaci Obama ya yi magana. Ta yi kuskure da ta ba shi digiri. Su kuma malaman cocin da suka yi mata ca suna da gaskiya a kan wannan batu, sai dai ma'auninsu yana da kwange. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Sai an san matsayin Notre Dame kafin a gane dalilin da ya sa hayaƙin ya kai haka. Wani limamin coci Bafaranshe, Edward Sorin, shi ya kafa ta a 1842, kuma har yau daga cikin limaman ƙungiyarsa ta Holy Cross ake zaɓo shugabanta. 'Yan Katolikan Amurka galibi jikokin baƙin haure ne da suka zo daga Ayalan da Italiya da Folan da Jamus, waɗanda aka daɗe ana yi wa kallon raini. Wannan jami'a mai ƙubba ruwan zinariya da mutum-mutumin Maryam a samanta ita ce abin da suke nunawa su ce mu ma mun iso. Abin da wata ƙaramar kwaleji za ta yi a ɗauke kai, in Notre Dame ta yi shi, ana ɗaukarsa tamkar da yawun dukan mabiya ta yi.

Koyarwar Katolika kan zubar da ciki kuwa ba ta da ɓoyo. A wurinsu rai yana farawa ne tun daga shigar ciki, kuma zubar da shi da gangan kisa ne. Obama ya yi yaƙin neman zaɓe a matsayin mai kare 'yancin mace ta zaɓa wa kanta, kuma da ya hau bai tsaya sanya ba. Ranar 23 ga Janairun 2009, kwana uku da rantsar da shi, ya soke dokar da ta hana ba da kuɗin gwamnatin Amurka ga ƙungiyoyin ƙasashen waje masu aikin zubar da ciki ko ba da shawara a kansa. Ranar 9 ga Maris ya ɗage takunkumin da ke kan kashe kuɗin gwamnati a binciken ƙwayoyin halittar da ake cirowa daga ɗan tayi. Ranar 20 ga Maris aka ba da sanarwar cewa Notre Dame za ta karrama shi. Tawadar sa hannunsa ko bushewa ba ta yi ba.

Nan take ƙura ta tashi. Bishop fiye da 70 suka fito fili suka soki jami'ar. Kadinal Francis George na Chicago, wanda shi ne shugaban majalisar bishop-bishop ta ƙasar a lokacin, ya ce abin ya jefa mabiya cikin matsanancin jin kunya. Wata ƙungiya mai suna Cardinal Newman Society ta tara sa hannun mutum fiye da 300,000 da ke neman a janye gayyatar. Hujjar da duk suka riƙe ita ce sanarwar da majalisar bishop-bishop ta fitar a 2004, wadda ta ce kada cibiyoyin Katolika su ba da lambar yabo ko girmamawa ko dandali ga masu yi wa manyan ƙa'idodin cocin karan tsaye, ta yadda za a zaci ana goyon bayan ayyukansu.

Shugaban jami'ar, Fada John Jenkins, ya kare kansa da hujja uku. Na farko, al'ada ce: Eisenhower ya zo a 1960, Carter a 1977, Reagan a 1981, Bush uba a 1992, Bush ɗa a 2001. Na biyu, sanarwar 2004 da 'yan siyasa mabiya Katolika take, Obama kuwa ba ɗan ɗarikar ba ne. Na uku, ya ce jami'ar ta bayyana tun farko cewa ba ta tare da shi kan zubar da ciki, don haka karramawar ta shugabancinsa ce da tarihin da ya kafa na zama baƙar fata na farko a wannan kujera, kuma hanya ce ta buɗe ƙofar tattaunawa.

Hujja ta biyu ba ta ko kai a ɓata mata lokaci ba. Dabarar lauyoyi ce, kuma da ƙyar wanda ya faɗe ta zai gamsu da ita a zuciyarsa. Wace makarantar addini ce za ta ce abin da ta haramta yabawa a hannun ɗanta ya halatta ta yaba shi a hannun baƙo? Ta ukun ce mai nauyi, kuma a cikinta ne aka cakuɗa abu biyu da ya kamata a raba.

Sarki yana iya karɓar kowa a fada. Mai adawa da shi, da wanda ba addininsu ɗaya ba, da wanda talakawa ke kuka da shi, duk suna iya shigowa su faɗi gaisuwa, a ba su wuri su yi magana, a saurare su, a ba su amsa. Babu wanda zai ce sarki ya zama nasu don ya saurare su. Amma ranar da sarki ya sa aka naɗa wa mutum rawani, to ya ba da shaida a kansa, ya ce wa jama'a wannan namu ne, ku dube shi. Ba ya yiwuwa a naɗa wa mutum rawani da safe, da yamma sankira ya zaga gari yana shelar cewa fada ba ta yarda da halinsa ba. Mutane rawanin za su gani, shelar kuwa iska za ta kwashe ta. Digirin girmamawa irin wannan naɗin ne. Ba a zauna jarrabawa aka ci shi ba, ba a rubuta kundin bincike ba. Shaidar makaranta ce kawai a kan mutum, don haka idan aka cire shaidar babu abin da ya saura a cikinsa.

Raba abubuwan biyu kuwa ba wani abu ne mai wuya ba, domin an yi shi a makon nan ɗin. Kwana huɗu kafin zuwansa Notre Dame, ranar 13 ga Mayu, Obama ya yi jawabin yaye ɗalibai a Jami'ar Jihar Arizona. Wannan jami'a ta gwamnati, wadda ba ta da aƙidar addinin da za ta kare, ba ta ba shi digirin girmamawa ba. Dalilinta shi ne aikinsa yana gaba, bai kai a auna ba tukuna. An yi mata dariya a jaridu, ta sa wa wani shirin tallafin karatu sunansa don a kwantar da ƙura, shi ma Obama ya mai da abin raha a cikin jawabinsa, har ya yarda cewa da sauran aiki a gabansa. Sama ba ta faɗo ba. A Ingila ma, a 1985, malaman Jami'ar Oxford sun kaɗa ƙuri'a suka hana Margaret Thatcher digirin girmamawa tana kan kujerar firaminista, alhali tsohuwar ɗalibarsu ce, saboda zaftare kuɗin ilimi da gwamnatinta ta yi. Idan jami'a za ta iya hana shugaba digiri saboda kasafin kuɗi, me zai hana wata ta hana saboda abin da take gani batun rai ne?

Notre Dame da kanta ta zo ta rushe hujjar tata. A 2018 ta ƙwace digirin girmamawar da ta ba ɗan wasan barkwanci Bill Cosby, bayan kotu ta same shi da laifin cin zarafin mace, hukuncin da wata kotu ta soke daga baya. A 2019 ta ƙwace na Theodore McCarrick, tsohon kadinal ɗin da Fadar Vatican ta tuɓe daga limanci kan lalata. Ba ina kwatanta Obama da waɗannan mutane ba ne, ko kusa. Abin lura shi ne jami'ar ba ta ce ai Cosby don iya barkwanci muka karrama shi, halinsa ba ruwanmu ba. Da ta ƙwace takardar, ta amsa cewa digirin girmamawa shaida ce a kan mutum gaba ɗayansa. Abin da ta musa a 2009 ke nan.

Wadda ta fi kowa burge ni a cikin wannan dambarwa ita ce Mary Ann Glendon, farfesar shari'a a Harvard kuma tsohuwar jakadiyar Amurka a Fadar Vatican. Ita aka zaɓa a ba lambar Laetare a taron, lambar da jami'ar ke bayarwa tun 1883, wadda 'yan Katolikan Amurka ke gani babu kamarta. Ta riga ta amsa. Sai ta gano cewa jami'ar na amfani da sunanta wajen rarrashin masu fushi, ana ce musu ku kwantar da hankali, ga wata mai adawa da zubar da ciki za ta yi magana ita ma, za a samu daidaito. A ƙarshen Afrilu ta rubuta wa Jenkins cewa ta fasa karɓa. Ta ce ranar yaye rana ce ta farin cikin ɗalibai da iyayensu, kuma gajeren jawabin godiya ba wurin warware matsala mai girma irin wannan ba ne. Ba ta zagi kowa ba, ba ta ɗaga kwali ba. A shekarar ba a ba kowa lambar ba. Mu a nan Najeriya mun san irin wannan, domin Chinua Achebe ya ƙi karɓar lambar girmamawa ta ƙasa har sau biyu, a 2004 da 2011. Wanda ya ƙi karɓar lamba shi ne ya fi sanin nauyinta.

Yanzu bari in ba ɗaya ɓangaren haƙƙinsa, domin suna da abin faɗa. Fiye da rabin 'yan Katolikan da suka yi zaɓe a 2008 Obama suka zaɓa, kuma mafi yawan ɗaliban da aka yaye a ranar tsaye suka miƙe suna yi masa tafi. Fadar Vatican ba ta tsoma baki ba, kuma a watan Yuli na shekarar Fafaroma Benedict na 16 ya karɓe shi, ya ba shi kyautar wata takardar cocin kan darajar ran ɗan Adam. Jawabin Obama shi ma bai kauce wa batun ba. Ya amsa cewa a wani mataki ra'ayoyin ɓangarorin biyu ba za su taɓa haɗuwa ba, ya nemi a daina mai da abokin hamayya dodo, ya yi kira a haɗa hannu a rage cikin da ba a shirya masa ba, a sauƙaƙa ɗaukar rainon yara, a tallafa wa matan da suka zaɓi haihuwa, kuma a yi doka mai ma'ana da za ta kare ma'aikacin da imaninsa ya hana shi sa hannu a zubar da ciki. Fada Jenkins ma, a gaban baƙonsa, ya faɗi cewa jami'ar na adawa da manufofinsa kan wannan batu. A cikin zauren akwai Fada Theodore Hesburgh, dattijo mai shekara 91 da ya shugabanci jami'ar daga 1952 zuwa 1987, wanda ya jagoranci sanarwar 1967 da ta ce jami'ar Katolika na buƙatar 'yancin kanta daga kowane iko na waje, na coci ko na gwamnati.

Na yarda da wannan 'yanci, kuma a nan ne na rabu da sanarwar 2004 inda ta haɗa har da dandali. Jami'ar da ke tsoron ɗalibanta su ji bakin wanda ya saɓa mata ba ta amince da karatun da ta ba su ba. Notre Dame ta taɓa yin abin yadda ya kamata. A 1984 sashen nazarin addini ya gayyaci Gwamna Mario Cuomo na New York, ɗan Katolika, ya zo ya kare matsayinsa na cewa shi a karan kansa yana bin koyarwar coci kan zubar da ciki, amma ba zai ɗora ta a kan jama'a da ƙarfin doka ba. Lacca ce, an saurara, an yi masa raddi, kuma har yau ana karanta muhawarar. Haka nan ranar 4 ga Yunin 2009, ƙasa da mako uku bayan Notre Dame, Jami'ar Azhar da Jami'ar Alƙahira suka karɓi baƙuncin Obama ya yi wa duniyar Musulmi jawabi. Ban ji mai hankalin da ya ce Azhar ta sa albarka ga yaƙin Afghanistan don ta saurare shi ba.

Amma taron yaye ba tattaunawa ba ne. Mutum ɗaya ke magana, babu tambaya, babu amsa, kuma yana maganar ne sanye da rigar da mai gida ya sanya masa. Idan kuma ana so a san abin da wannan buɗe ƙofar ya haifar, to a duba watan Mayun 2012. Shekara uku kacal bayan tafin, Notre Dame ta bi sahun cibiyoyin Katolika fiye da 40 ta maka gwamnatin Obama a kotu, kan dokar da ta tilasta inshorar lafiyar ma'aikata ta ƙunshi magungunan hana ɗaukar ciki. Fada Jenkins ɗin nan dai shi ne shugaba. Digirin bai sayo wa jami'ar komai ba, sai dai ya ba wani ɗan siyasa hoton da yake buƙata.

Su kuma bishop-bishop, laifi tudu ne, sun taka nasu sun hango na wani. A 2001 jami'ar ta karrama George W. Bush, wanda a shekarunsa na gwamnan Texas aka zartar wa mutum 152 hukuncin kisa. A 1998 Fafaroma John Paul na 2 ya roƙa a sassauta wa Karla Faye Tucker, wata mata da aka yanke wa hukuncin kisa a Texas, Bush ya bari aka kashe ta. A 1999, a birnin St. Louis na Amurka, Fafaroman ya kira hukuncin kisa rashin tausayi da ba a buƙata. Duk da haka ba a ga bishop 70 sun yi layi suna sukar digirin Bush ba. Na san amsarsu. Kadinal Ratzinger, wanda daga baya ya zama Fafaroma Benedict na 16, ya rubuta a 2004 cewa mabiya na iya saɓani kan yaƙi da hukuncin kisa, amma ban da zubar da ciki. A fagen ilimin addininsu wannan bambanci yana tsaye da ƙafarsa. A idon mai kallo daga waje kuwa, abin da ya gani shi ne ɗan jam'iyya guda ya wuce salin alin, ɗan ɗaya jam'iyyar ya sha tsinuwa. Malamin da wa'azinsa kullum ke faɗawa kan ɓangare ɗaya na siyasa, ko gaskiya yake faɗa, mutane za su fara tambayar wa ya aiko shi. Wasu masu zanga-zangar ma sun ƙara ɓata lamarin. Sun yi hayar jirgin sama yana shawagi kan jami'ar da hoton jaririn da aka zubar, suna tura kekunan jarirai da 'yan tsana da aka shafa wa jinin ƙarya. Ɗaliban da suka ƙaurace wa taron suka tafi wurin addu'a a harabar makarantar sun fi su isar da saƙo.

Mai karatu na iya cewa ai don ni Musulmi ne nake karkata ga limaman coci. Ban ɓoye ba, kan zubar da ciki na fi kusa da su, domin mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta tana daga masu tsanantawa a kai, kuma dokar Penal Code ta Arewa ba ta yarda da shi ba sai don ceton ran uwa. Amma hujjata ba ta jingina da wannan ba. Da wata jami'a ce da aka kafa don kare 'yancin mata ta ba ɗan siyasar da ya haramta zubar da ciki digiri, sannan ta ce ba ta goyon bayansa, da abin da zan faɗa mata ke nan.

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa jami'ar ta saka kanta a tarko. A 2016 ta raba lambar Laetare tsakanin 'yan siyasa biyu, Joe Biden da John Boehner, ɗaya daga kowace jam'iyya, sabon bishop ɗin yankin, Kevin Rhoades, ya yi tir da ba Biden saboda matsayinsa kan zubar da ciki. A 2017, maimakon Shugaba Trump, mataimakinsa Mike Pence ne ya yi jawabin yaye, wasu ɗalibai suka tashi suka fice yana cikin magana. A 2021 Biden, ɗan Katolika na biyu da ya shugabanci Amurka, bai halarci taron ba. Kowane zaɓi ya zama ƙuri'a, kowane rashin zaɓi ma ya zama ƙuri'a.

Mafita ɗaya nake gani, kuma mai sauƙi ce. Kada jami'a, ta addini ko ta gwamnati, ta ba duk wanda ke kan kujerar mulki digirin girmamawa. A gayyace shi ya yi lacca, ɗalibai su yi masa tambayoyi, malamai su yi masa raddi, a ba shi ruwa a raka shi mota cikin mutunci. Digiri ya jira har ya sauka, aikinsa ya kammala, a auna shi babu tsoro babu kwaɗayi. Da Notre Dame na da wannan doka, da babu wanda zai ce an wulaƙanta Obama ko an fifita Bush.

Kada mu yi wa Amurkawa dariya, domin namu ya fi muni. Su aƙalla kan aƙida suka yi faɗa. Na sha zama a bikin yaye ɗalibai a ƙasar nan ina kallon ana jera gwamnoni da ministoci da attajirai ana ɗora musu hula, ɗaliban da suka sha wahalar shekaru suna can baya a rana, kowa a wurin kuma ya san ginin da aka yi alkawari ko motar da aka kawo. Washegari sai ka ga an liƙa Dakta a allunan kamfen. Shugabannin jami'o'in Najeriya sun san da cutar, shi ya sa a 2012 suka taru a Keffi suka amince cewa ba za a ƙara ba mai riƙe da muƙamin siyasa digirin girmamawa ba. Shawara ce mai kyau, amma da yawa daga cikin jami'o'in suka yi mata kunnen uwar shegu.

Kirana ga majalisun jami'o'inmu, musamman sababbin jami'o'in Musulunci da na Kirista da ke ta ƙaruwa, shi ne su rubuta wannan ƙa'ida a cikin dokokinsu tun kafin baƙo mai jiniya ya tsaya a ƙofa, domin a ranar ba wanda zai iya cewa a'a. Ku buɗe zaurukanku ga kowa, har da wanda kuka fi saɓawa da shi. Amma shaidarku ita ce jarinku, kada ku ba da ita ga wanda gobe za ku fito kuna bayanin cewa ba haka kuke nufi ba.